Gargaɗi Daga Ɗan Lele

Sista tana falo tana ninke kayan wanki ta ji motar maigidan ta tsaya a ƙofar gida, alhali ko la'asar ba a kira ba. Nan take ta san ba lafiya ba. Mutumin da yake shugaban makarantar sakandare, wanda ba ya barin makaranta sai ya zagaya ya jijjiga kowane kwaɗo da hannunsa, me zai dawo da shi gida da rana tsaka haka?

Ya shigo da sallama ciki-ciki, fuska a murtuke. Bai cire takalmi ba, bai zauna ba, ya miƙa mata waya.

"Karanta," ya ce.

Saƙon imel ne daga wani sabon malami da aka turo musu a zangon nan, yana amsa gargaɗin da Shugaba ya aika masa a kan makara. Bawan Allahn nan ya rubuta cikin ladabi da biyayya: "Ranka ya daɗe Malam Ɗan Lele, na ga gargaɗinka na ƙarshe. In Allah ya yarda ba zan sake makara ba."

Sista ta karanta, ta sake karantawa. Wata dariya ta taso mata tun daga cibiya, ta tare ta a maƙogwaro ta mayar da ita tari. Aikin asibiti ya yi mata rana, don macen da ta iya riƙe allura mai tsawon yatsa ta kalli mutum ido cikin ido ta ce masa babu zafi, ai riƙe fuska ba zai gagare ta ba.

"Na kira shi ofis," in ji Shugaba, "na ce uban wa ya koya masa rashin kunya. Shi kuwa har da rantsuwa, wai sunan da yake fitowa a saman saƙona ke nan. Ya nuna mini a wayarsa. Na kira mataimakina na ce ya buɗe tasa. Shi ma haka. Malamin lissafi haka. Duk makarantar! Har saƙonnin da nake aika wa iyayen yara, har na ma'aikatar ilimi."

"Ikon Allah," in ji Sista. "Tun yaushe?"

"Mataimakina ya ce tun da ya san ni."

Kada ka yi mamakin yadda mutum zai shekara da shekaru bai ga sunan da yake yawo da shi ba. A wayarsa, in ya aika saƙo, "Ni" kawai take rubuta masa. Saƙonninsa kuma ba irin waɗanda ake amsawa ba ne, umarni ne da gargaɗi da sanarwar taro. In ma wani ya yi ƙarfin hali ya amsa, layin farko Shugaba yake karantawa ya rufe. Malaman kuwa, wa ya ƙoshi da aikinsa da zai tari wannan mutum ya ce masa ga sunanka? Sai dai in ya juya baya a yi ta zungurin juna.

Ya karɓe wayar ya zauna a bakin kujera, ya cire tabarau yana murza ido. Can ya ɗago ya dube ta.

"Wai wane ne ma Ɗan Lele? Daga ina wannan shirmen ya samo asali?"

Dariyar da take ta dannewa ta mutu murus. Ta kalle shi tana jiran ta ga ko gefen bakinsa zai motsa, ko idonsa zai nuna wasa yake yi. Babu. Tambaya yake yi tsakaninsa da Allah, kamar mai tambayar hanyar tasha.

Ita ta san wane ne Ɗan Lele, don ita ta raɗa masa sunan. Shekara ashirin da wani abu ke nan, suna sabon aure, shi ƙaramin malami siriri mai gashin baki da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Auta ne a wurin mahaifiyarsa, an shagwaɓa shi har ba ya iya shan shayi sai an fifita masa. A lokacin in ta kira shi da sunan sai ya bi ta da gudu har kicin, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar da suka je shagon intanet buɗe adireshin imel, wani ɗaki mai zafi da fanka ɗaya da ke juyi kamar an yi mata dole, ya tashi ya je roƙon mai shagon ya ƙara musu lokaci. Kwamfuta kuwa tana tambayar sunan da mutane za su riƙa gani. Sista ta waiga, ta ga ya ba ta baya, ta rubuta abin da ta rubuta.

A zatonta cikin mako guda zai gani su sha dariya. Mako ya zama shekara. Yara suka zo, ƙarin girma ya zo, tumbi ya zo, gashin kai ya yi sallama. Mutumin ya haɗiye dariyarsa kamar ƙwayar magani. Yanzu in zai kira ta "ke" ne, ko "Maman yara", in kuwa da baƙi sai ya ce "Sista", kamar mara lafiyar da yake son a ƙara masa ruwa. Yaran sun girma sun tafi karatu, gidan ya rage su biyu da talabijin.

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙaramin ciwo ba. Ta daɗe tana zargin cewa saurayin nan da ta aura ya ɓace a cikin wannan babban mutum, amma tana ba kanta haƙuri cewa yana nan a ciki, aiki ne ya danne shi. Yau ga shi da bakinsa yana tambayar wane ne. Ta ɗauki wata riga ta ninke ta da ƙarfi fiye da yadda riga take bukata, ta rantse a ranta: wallahi ba za ta faɗa masa ba. In akwai sauran wani abu a cikin wannan ƙaton kan nasa, ya tuna da kansa. In kuma babu, to gara ta sani.

"Me malamin kwamfutarku ya ce?" ta tambaya.

"Ya ce laifin manhajar ne. Wai in sauke wata." Ya ɗan yi gyaran murya. "Rubutun ƙanana ne, ba na gani sosai. Ki zo ki sa mini."

Haka aka buɗe sabuwar makaranta a teburin cin abinci. Kullum da yamma in ya dawo, ya ci abinci, sai ya jawo kujera kusa da tata ya ajiye wayar a tsakiya. Sunayen manhajojin ba su zauna masa a baki ba, don haka da launi yake kiransu. Wadda yake da ita tun farko ita ce ja, ta kamfanin da ya ba shi adireshin. Shugaba, da yake ya saba duba aikin malamai, sai da ya yi mata hisabi kafin ya kore ta.

"Dama ban taɓa yarda da ita ba," ya ce. "Talla ta yi mata yawa. Mutum yana neman saƙon ma'aikata, ita tana nuna masa takalmi. Jiya ma maganin tsiro da gashi ta nuna mini."

Sista ta dubi sanƙonsa yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. "To ai wannan ba talla ba ce, nasiha ce."

Ya harare ta ta saman tabarau. "A sauke shuɗiyar."

Shuɗiyar ta burge shi tun kallon farko. Tsaf-tsaf take, ga kalanda a jikinta, ga ta tana tuna wa mutum lokacin taro. Ya ce wannan ita ce manhajar manya, da gani ka san masu ilimi ne suka ƙera ta. Sai da suka gano tana raba saƙonni gida biyu da kanta, masu muhimmanci da marasa muhimmanci, kuma ta kwashi duk sanarwar taron da ya aika wa malamai ya sa kansa a ciki ta jibge a ɓangaren marasa muhimmanci.

"Da izinin wa?" ya ce, yana nuna wayar da yatsa. "Wa ya tambaye ta?"

"Ƙila ta halarci taron ne," in ji Sista.

Aka yi gwaji. Ya aika wa mataimakinsa saƙo mai kalma ɗaya, ya kira shi a waya ya sa a lasifika. Aka ji mataimakin yana numfashi, yana neman hanyar da zai bi ya faɗi gaskiya bai rasa aikinsa ba.

"Ranka ya daɗe, saƙon ya iso lafiya."

"Ba shi na tambaye ka ba. Sunan fa?"

"Sunan... ranka ya daɗe, shi ma ya iso lafiya."

An gudu ba a tsira ba ke nan. Sista ta tashi da sauri wai za ta duba ruwan da ta ɗora, ta shiga kicin ta toshe baki da tsumman goge kwano, kafaɗunta suna rawa har hawaye ya zubo mata.

Washegari a wurin aiki, lokacin hutu, ta kira yayarta ta kwashe labari ta faɗa mata. Yaya ta yi salati, ta yi dariya, ta sake yin salati.

"Ke kam ba kya tsoron Allah. To shi ba zai gane ba in ya yi ta canzawa?"

"Ina zai gane? Yaya, kamfanin shi ne gidan da saƙo yake kwana, manhaja ƙofa ce kawai ta shiga. Sunan a jikin gidan na rubuta shi. Shi kuwa ƙofa yake ta cirewa yana sa wata."

"Ki faɗa masa mana, tun abin bai zama rigima ba. Mutum da girmansa."

"Ba zan faɗa ba." Muryarta ta sauya. "Yaya, ya manta fa. Ya dube ni ya ce wai wane ne Ɗan Lele."

Yaya ta ce, "Maza ai haka suke, ƙanwata. Nawa ma jiya ya tambaye ni shekarun autarmu." Wannan bai sanyaya wa Sista rai ba ko kaɗan.

Manhaja ta uku, koriya, ita ce ta kusa tona mata asiri. Ita wannan ba ta kowane kamfani ba ce, kowane adireshi ka ba ta za ta buɗe maka. Ba nauyi, ba talla, ba ta shan caji, har Shugaba ya ce tana da tarbiyya. Amma tana da wani hali da sauran ba su da shi. Ja da shuɗiya daga kamfani suke ɗauko suna ba su tambayi kowa ba. Koriya kuwa, ana gama sa mata lambar sirri, sai ta buɗe wani fili fari ta tsaya tana jira: wane suna kake so mutane su gani?

Sista ta ƙura wa filin ido. Ga mafita a tafin hannunta. In ta rubuta sunansa na gaskiya, ta faru ta ƙare, gobe ya shiga makaranta da mutuncinsa. Ta saci kallonsa. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ɗaga kai sama yana hamma.

"Me take cewa?" ya tambaya.

"Wai a jira," in ji Sista. Yatsanta ya riga ya gama aikinsa.

Da aka kira mataimaki a wannan karon ko tambayarsa ba a yi ba. "Sunan yana nan, ranka ya daɗe," ya ce da muryar mai ta'aziyya.

Shugaba ya ajiye wayar a hankali. "Wannan abu ba banza ba. Akwai hannun mutum a ciki."

"Haba dai," in ji Sista. "Wa zai yi maka haka?"

"Akwai wani malamin tarihi da na taɓa hana shi hutu."

"Ai da ganin idonsa ma za ka san zai aikata," ta ce, ita da ba ta taɓa ganin malamin tarihin ba.

Abin da ba ta shirya masa ba shi ne daɗin zaman. Tun ana zancen manhaja har aka koma zancen da ba na manhaja ba. Ya ba ta labarin wani uba da ya zo makaranta zai yi faɗa, ya zauna a kujerar da ƙafarta ta karye. Ta ba shi labarin sabon likitan da ya suma a ɗakin haihuwa aka bar mai naƙuda aka koma kansa. Bai yi dariya ba, amma hancinsa ya buɗe, ya yi wani tari da ba na mura ba. Sista ta tsinci kanta tana roƙon abokiyar aikinta su yi musayar aikin yamma, ita da ba ta taɓa roƙon kowa komai a asibitin nan ba.

Wata yamma ta ce bari ta taimaka wa ƙwaƙwalwar tasa. Ta kawo shayi da kofi biyu, ta tsaya a gabansa tana zuba shi daga wannan zuwa wancan, tana ɗaga hannu sama yadda take yi masa a da, tururi yana tashi. Ta miƙa masa ta kafe shi da ido.

Ya kurɓa. "Ya huce da yawa," ya ce, ya mayar da kai kan waya.

Ta kwashe kofunan ta shiga kicin. A wannan karon ba dariya ta kai ta ba. Ta tsaya a bakin famfo ruwa yana zuba a banza, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta. Mace da shekarunta, shugabar ma'aikatan jinya guda, tana fifita shayi tana jiran tsoho ya tuna wasan yara. Ta kashe famfon ta wanke fuska.

Ana haka sai ga shi ya dawo wata Alhamis da fara'ar wanda ya ci zaɓe.

"An gano bakin zaren. Na tsare malamin kwamfuta a ofis, na ce ko ya faɗa mini gaskiya ko ya koma koyar da wasan motsa jiki. Ashe ba manhaja ba ce, adireshin ne kansa. Ya buɗe mini sabo a wani kamfani. Ranar Asabar za mu rufe tsohon, a huta."

"A rufe?" Ta ajiye cokalin da ke hannunta. "Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Sabon ya fi shi komai. Wurin ajiya ya fi yawa, ba sa karanta wa mutum saƙo don su yi masa talla, kuma suna tare saƙonnin 'yan damfara tun daga ƙofa."

Sista, wadda adireshinta ma na tsohon kamfanin ne, kuma babu ranar da ba ta tsine masa saboda nauyi da shirgin talla, sai ga ta ta zama lauyarsa.

"Ai tsohon ya fi aminci. Shekara nawa bai taɓa ɓatar maka da saƙo ba?"

"Ya ɓatar mini da mutunci."

"Waɗannan sababbin kamfanonin yau suna nan gobe babu su. Kuma duk wanda ya san ka da tsohon ya san ka."

"Shi ne ai matsalar."

"Hotunan yara fa da ke ciki?"

"An kwashe su zuwa sabon. Ke ba ke kike cewa kamfanin nan ya fi kunkuru nawa ba? Yaushe kuka shirya?"

Me za ta ce? Ta ce masa a duk faɗin duniya wurin nan kaɗai ya rage da ake kiransa da sunan da ta sa masa? Ta ce in ya danna wannan maɓallin ya binne saurayin nan da hannunsa, bai ma san ya yi ba? Ta kwashe kwanuka ta ce Allah ya kai mu Asabar ɗin.

Asabar da hantsi ya kunna kwamfutar ɗakin karatu, wadda ba a cika taɓa ta ba, ya share ƙurar allon da hannun riga. Ya jawo mata kujera. Ta zauna, hannu a ƙirji, ta ƙudura cewa ba za ta ce uffan ba. In zai rufe, ya rufe. Ita ma sai ta rufe nata babin, ta koma aikin yammanta, kowa ya kama gabansa a cikin gida ɗaya kamar yadda aka saba.

Ya buɗe sabon akwatin saƙon. Fari fes, babu komai a ciki, ga cikakken sunansa a sama har da muƙaminsa, ba wasa ba raha.

"Kafin a rufe wancan," ya ce, "a tabbatar wannan yana karɓar saƙo. Aiko mini da wani abu daga wayarki."

"Kira mataimakinka mana."

"Na wahalar da bawan Allahn nan da yawa. Aiko."

Ta yi tsaki a ranta, ta ɗauki waya. Rabonta da aika masa imel ba ta ma tuna ba, wa yake aika wa mutumin da suke kwana ɗaki ɗaya imel? Ta rubuta "gwaji" ta tura, ta kife wayar a cinya.

Kwamfutar ta yi ƙara. Saƙo ɗaya ya faɗo a cikin farin akwatin. Shugaba ya gyara tabarau, ya matsa kusa da allon, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Zo ki gani. Wannan kamfanin ma ya lalace."

Ta leƙa ba don tana so ba. A inda sunanta ya kamata ya fito, an rubuta da baƙaƙe manya: 'Yar Barkono.

Sista ta karanta, ta ƙifta ido, ta sake karantawa. Rabon da ta ji wannan suna tun babban ɗansu yana rarrafe. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa kiranta da shi, wanda yake cewa bakinta ya fi barkono yaji amma abinci ba ya daɗi sai da shi.

Shugaba ya juyo ya dube ta, fuskarsa babu alamar wasa. "Wai wace ce ma 'Yar Barkono? Ko manhajarki ce? A sauke miki shuɗiyar?"

"Kai!" Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Kai ne!"

"Ni? Akwai dai wani malamin tarihi..."

Daga nan ya kasa. Dariyar ta ɓalle masa kamar famfon da ya fashe. Ya kifa kai a kan tebur yana dukan katako da tafin hannu, sanƙon yana rawa, har tari ya sarƙe shi, hawaye ya jiƙa tabarau. Sista ta tsaya baki buɗe tana kallon ikon Allah. Wannan tarin ta san shi.

"Ranar nan a shagon intanet," ya ce da ƙyar, "da kika fita sayo mana ruwa, wa kika bari ya ƙarasa cike miki naki?"

Sai a lokacin lissafin ya fara zuwa mata. Takardar neman ƙarin girma da ta tura. Rahoton da take aika wa shugaban asibiti duk wata. Zazzafan saƙon da ta taɓa rubuta wa ƙananan ma'aikata a kan tsafta, wanda ta ji ana ta ƙus-ƙus a kansa, ta ɗauka tsoronta ne ya kama su. Saƙon ta'aziyya ga iyalan babban likita! Innalillahi. Ashe laifi tudu ne, ta taka nata tana hango na wani.

"Ka san ko su wa nake aika wa saƙo da adireshin nan?"

"Kin san ko su wa nake aika wa da nawa?"

Ta ɗaga kujerar ta zauna. "Wato tun ranar farko ka sani."

"Tun yaron nan bai gama rantsuwa ba. Na ji kunya, ba zan ɓoye miki ba, kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ina shiga mota dariya ta kama ni, sai da na tsaya a gefen titi. Na ce bari in je in ga ko matar nan za ta amsa laifinta." Ya goge ido. "Har koriyar ina kallonki. Tabarau na cire, ba ido ba."

"Shi ne ka dube ni ka ce wane ne Ɗan Lele." Muryarta ta karye, ba ta so ba. "Ka san abin da wannan maganar ta yi mini? Na ɗauka ka manta. Har shayi na fifita maka, ka ce wai ya huce."

Dariyar ta sauka daga fuskarsa. Ya juya tabarau a hannu.

"Bai huce ba," ya ce. "Daidai yake. Na kusa tona kaina ranar nan. Amma na san ina faɗa an tashi daga makaranta, ki koma aikin yammanki da wayar Yaya, ni in koma wa talabijin. Yaushe rabon ki jawo kujera ki zauna kusa da ni? Ni ma ai na ɗauka kin manta. Da akwai manhaja ta huɗu mai kyau, wallahi da mun gwada ta."

Sista ta juya kai gefe tana kallon labule, don ba za ta bari ya ga idonta ba. Ta ja hanci, ta ce ƙurar kwamfutar nan ce, ba a share ɗakin yadda ya kamata.

"Sabon na makaranta ne," ya ce a hankali. "Malamai sun ci rabonsu, ya isa haka. Tsohon kuwa ba inda za shi, ina da mai aiko mini da saƙo a can." Ya miƙa hannu ya ɗauki wayarta daga cinyarta. "Naki fa? Malamin kwamfuta ya nuna mini wurin, abu ne na minti ɗaya. Mace da girmanta, shugabar ma'aikata guda. A canza miki?"

Ta fizge wayar ta tura a ƙarƙashin cinya ta danne.

"Taɓa ka gani," ta ce.